Ƙanzon Ɗan Fari

Ranar da labari ya iso mata, Ummuhani tana durƙushe gaban babbar tukunyarta tana kankare ƙanzo. Azahar ta wuce, 'yan kasuwar Nijar da ke sayen tuwon shinkafarta sun ci sun koma shagunansu, babura sai kai-komo suke a titin Koudoukou na birnin Bangi. Sai ga sallamar Ya'u, ƙanin marigayi mijinta. Kullum in ya shigo da tsokana yake shigowa, ya ce tuwonta ya tsufa kamar mai shi. Ran nan kuwa ya tsaya a bakin zaure, ya cire hula, ya mayar da ita.

"Yaya, sai haƙuri," in ji shi. "Motar Abdulsamad ta faɗi kusa da garin Buwar jiya da yamma. Allah ya karɓi abinsa. Musulmin can sun yi masa sutura, an kai shi da safen nan."

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta sake faɗa. Daga nan ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da kankarar tukunya, don ba ta san inda za ta kai hannuwanta ba.

Abdulsamad ɗanta ne na fari, direban babbar mota ne tsakanin Bangi da iyakar Kamaru. Ta haifi wasu bayansa, mata biyu, duk suna aure a Cadi. Amma shi tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta sunan ba. Haka ta taso ta tarar: uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. In ta kama dole sai ta ce "yaron nan", ko "wancan".

Daga ɗakin da ke fuskantar nata aka ƙwalla ihu. Nuriyya ce, matarsa, ta jiyo maganar Ya'u. Ta fito da cikinta da ya fara nauyi, ta zube a tsakar gida tana kiran "Samad! Samad!" har maƙwabta suka cika gidan. Da aka ɗago ta, abin da idonta ya fara sauka a kai shi ne surukarta, kai a sunkuye, tana kankarar tukunya kamar an ce mata farashin albasa ya tashi.

Wannan bai fita daga ran Nuriyya ba. Ita 'yar Berberati ce, Sango ne harshen gidansu, Hausa kuwa a gidan aure ta tsince ta. A wurinsu in an yi rashi, uwa ce ke fara kuka, ta kira sunan ɗanta har muryarta ta dushe. A nan kuwa mata suna ta shigowa gaisuwa, "Ya haƙuri?" Ummuhani na amsawa, "Da godiya," ido a bushe. Tsofaffin unguwarsu ta Kilomita Biyar da suka san abin sukan dafa kafaɗarta kawai su wuce. Babu wanda ya san in ta shiga bayi takan daɗe tana tsiyayar da ruwan buta a ƙasa, don ƙarar ruwan ta rufe wata ƙarar.

Bayan sadakar bakwai Ya'u ya kawo abin da aka tsinta a motar: carbi, waya mai tsagaggen gilashi, da wata leda mai ɗauke da ragowar busasshen ƙanzo. Nuriyya ta karɓi carbi. Sumayya, babbar 'yar marigayin, mai shekara goma sha biyar, ta karɓi waya. Ledar kuwa aka bar ta a kan tabarma, har Ummuhani ta faki ido ta ɗauke.

Sumayya ce ta zo da maganar ɗaukar murya. Ta ce wanda ke cikin Mama zai zo duniya bai ga Baba ba, to aƙalla ya ji labarinsa daga bakin waɗanda suka san shi. Ta bi mutane da wayar ubanta. Ya'u ya ba ta labarin yadda Abdulsamad ya koyi tuƙi a ɓoye da motar wani mai sayar da katako. Abokan tuƙinsa suka ba da nasu, suna dariya suna share hawaye. Har ladanin unguwa ya yi magana. Saura mutum ɗaya.

"Ata," in ji Sumayya, don da Sango take kiran kakarta, "ke kaɗai kika rage. Ki sa mayafinki mai kyau, ki zauna nan."

"Abin ba murya yake ɗauka ba? Ina ruwansa da mayafina?"

"Ke dai ki sa, tsohuwa."

Ta sa, ta zauna a kujera 'yar tsugunno, aka kafa mata waya a gaban baki. Sumayya ta ce, "To, ba mu labarin Baba. Ki fara da sunansa." Ummuhani ta dubi wayar. Wayarsa ce, ga tabon yatsansa nan a murfin. Ta buɗe baki, harshe ya ƙi. Can ta ce, "Allah ya jiƙan Musulmi baki ɗaya." Ta miƙe, ta cire mayafin.

Labule ya ɗaga. Nuriyya na tsaye a ƙofar ɗakinta da kayan takaba.

"Musulmi baki ɗaya! Mama, shi ba shi da suna ne? A kasuwa kika tsinto shi?"

"Nuriyya, koma ciki, kina da nauyi."

"Ba zan koma ba. Shekarun nan duk na yi shiru. Ya dawo daga tafiya, ya durƙusa ya gaishe ki, ki amsa kina kallon bango. Ya yi ciwo, ki aiko a tambaya, kina nan taku kaɗan. Ya mutu, kika ƙarasa wankin tukunya!" Daga nan Hausa ta ƙare mata, ta juya Sango. Ta ce da zarar ta sauka an yi suna, za ta kwashe 'ya'yanta ta koma Berberati. Ba za su girma a gidan da ake jin nauyin ambaton ubansu ba.

Ummuhani ta ce, "Al'ada ce."

"Haka shi ma yake ce mini. Al'ada! Ni ban san al'adar da ke busar da idon uwa ba."

Labule ya faɗi. Ummuhani ta koma bakin murhu. Ta san Nuriyya ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba, kuma Berberati ba nan kusa ba ce. In yaran suka tafi, sai dai a waya. Kuma abin da za su tafi da shi a ransu shi ne kakarsu ba ta so ubansu ba. Wadda za ta iya yi mata shaida, Gwoggo Zulaiha, yayar mijinta, ta daɗe a ƙasa.

Kwana biyu tana juya abin. Ta gwada a ɗaki ita kaɗai, ta ce bari ta faɗi sunan ko sau ɗaya. Sai ta ji kamar an ce ta fita titi ba zane.

Da safe tana tsame shinkafa, ta kira Sumayya.

"Ke, wannan abin naki yana ɗaukar labarin masu rai, ko sai na matattu?"

"Kowa ma."

"To ni ban iya ba da labarin wani ba. Nawa zan bayar, wanda ya so ya ji. Kuma ba zan sa mayafi ba, ba zan zauna ba. In hannuna ba ya aiki, bakina ma ba ya yi. Matsar da shi daga tururi kada ya dahu."

Haka aka fara. Muciya na hannunta, tuwo na tafasa, tana magana kamar da tukunya take. Ta ce a nan Kilomita Biyar aka haife ta, lokacin da bayan masallaci duk ciyawa ce. Ubanta mahauci ne, ya biyo shanu daga ƙasar Katsina har Ngaundare, daga can ya gangaro Bangi ya ce tafiya ta ishe shi. Ta yi makarantar allo har izu biyu, aka cire ta don tallan fura. Ta ba da labarin ranar da ta fara ganin kogin Ubangi ta zaci ƙarshen duniya ke nan. Sumayya na dariya, wayar na rawa.

Washegari aka kai ga aure, aka kai ga haihuwa. Nan muryarta ta yi ƙasa.

"Da aka yaye wancan, sai Gwoggo Zulaiha ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta a unguwar Kokoro. Haka ake yi. Ni kuwa aka ce in yi dariya, na yi. To kin ga ba dama in ce zan je ganinsa, a yi mini waƙa a unguwa. Sai na ɗauki rariyata na cusa ƙarƙashin gado. Kullum in ce da Malam kakanki, rariyata ta ɓata, zan je Kokoro aro."

"Kullum, Ata? Ba a gane ba?"

"Malam ya saya mini sabuwa. Ita ma ta ɓata. Ya sake sayowa. Ran nan yana neman takalminsa ya leƙa ƙarƙashin gado, ya ga rariya uku a jere. Ya ɗauki takalminsa ya fita. Sai dai da safe ya ce, yau ba za ki aro ba ne? Rana na yi."

Ta ce in ta je ba ta ɗaukarsa. Takan tsaya a bakin ƙofa suna hira da Gwoggo, tana kallonsa ta wutsiyar ido. Da damina in ya taka laka, sai ta fizge tsinke daga tsintsiya ta auna sawun, ta kai kasuwa ta sayo takalmi daidai tsawon tsinken, ta ba Gwoggo. "Har ya girma yana cewa babu mai sanin ƙafarsa kamar Gwoggonsa. Na ce gaskiya ne."

Da yamma tana tsintar shinkafa sai ta jiyo wata tsohuwa tana surutu a ɗakin Nuriyya. Ta kasa kunne. Muryarta ce. Kunya ta rufe ta har ta ji kamar ta shige buhu. Ba ta ji an ce komai daga ciki ba, amma ba a kashe ba.

Kwanaki suna tafiya, labari na tsawo. Wani lokaci ta bar hanya ta shiga zancen yadda ake gane shinkafar da za ta yi tuwo, ko faɗan da ta yi da wata mai sayar da ganyen rogo, sai Sumayya ta jawo ta. Duk inda ta bi dai, shekarunta da shi take ƙirga su. Ba ta san shekarar da aka ja musu wuta ba, sai dai "shekarar da wancan ya karye a hannu". Ba ta san shekarar da Malam ya rasu ba, sai "bayan wancan ya sami lasisi".

Suka zo kan shekarar tashin hankali, lokacin da aka yi wa unguwar ƙawanya, mutane suka yi ta hawa manyan motoci zuwa Cadi da Kamaru. 'Ya'yanta mata suka kama mata wuri a mota, suna kuka suna roƙonta.

"Na ce ba zan tafi in bar tukwanena ba."

"Tukwane, Ata? Ana harbi kina zancen tukwane?"

"Haka na ce musu."

"Baba fa ya ƙi tafiya a lokacin. Na tuna. Ya ce ba zai bar gidan ubansa ba."

Ummuhani ta buga muciya a bakin tukunya. "To. Ni dai tukwane na ce. Akwai wata babba da ba ta ɗaukuwa."

Sumayya ta goge hanci da bayan hannu.

Ranar ƙarshe ita ce ta ƙanzo. Ummuhani ba ta yi niyyar faɗa ba, Sumayya ce ta ga ledar nan a rataye a ƙusa bayan ƙofa ta tambaya.

"Yana ƙarami a Kokoro, na ga yana rarrafawa wurin tukunyar Gwoggo yana ɓantarar na gindi. Ya bar tuwo mai laushi, sai ƙonannen. Na ce ashe. Tun daga ranar ban sayar da ƙanzo ba, ban ba kowa ba. In zuba a ƙaramin kwano in rufe in aika. In ya yi tafiya in shanya a rufin kwano, in tara masa, ya tafi da shi hanya. Ya ce da mutane wai yana hana shi gyangyaɗi."

"Kwanon nan mai fure? Ai ni nake kaiwa ina ƙarama!" Sumayya ta sauke wayar, ta sake ɗagawa. "In zan mayar, Baba yakan sa wani abu a ciki ya rufe, ya ce in na buɗe kunnena zai toshe."

"Kin buɗe?"

"Na buɗe mana. Goro ne guda ɗaya."

"Wani lokaci man zafi, saboda gwiwata. Ban taɓa ce masa tana ciwo ba. Shi ma bai taɓa tambaya ba." Ta juya tuwo, ta juya, har ya wuce yadda ake juya shi. "Hirarmu ke nan ni da shi. Kwano ya je, kwano ya dawo. Wanda za a haifa, in kana ji, kada wani ya ce maka ba a yi hira ba. An yi. Kashe abin nan, Sumayya, hayaƙi ya shiga idona."

Itacen kuwa busasshe ne ƙayau, ba ya hayaƙi.

Tun rasuwar ba ta daina kankare ƙanzo ba, sai dai ba ta san inda za ta kai shi ba. Takan shanya, ta tara a buhu, buhu har ya kusa cika. Washegarin hirar ƙanzo, bayan masu saye sun watse, ta durƙusa gaban tukunya kamar kullum. Ta ji takun mutum mai nauyi a bayanta. Nuriyya ce, ta dafe ƙugu da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kwano mai fure, wanda ya kwana a ɗakinsu tun tafiyarsa ta ƙarshe.

"Mama, yau babu ne?"

Ummuhani ta dubi kwanon, ta dubi mai kwanon.

Nuriyya ta jawo turmi ta kifa, ta zauna da ƙyar. "Kin san me na ɗauka? Ina amarya, kwana kaɗan da kawo ni, sai ga kwano daga wurin surukata. Na yi murna, na buɗe, na ga ƙonannen gindin tukunya. A garinmu kaji ake ba wa. Na ce shi ke nan, matar nan tana gaya mini matsayina ne. Ko kuma tana nufin haka girkina yake."

"Ke!"

"Wallahi. In ya karɓa ya zuba mai da yaji yana ci, sai in ce dubi bawan Allah, yana cinye zagin don kada in ji ciwo. Na tambaye shi, ya ce in bar Inna, haka suke. Ko sau ɗaya bai ce mini yana so ba."

"Ina zai ce? Shi ma ai da tasa kunyar."

"Ku Hausawa! Kuna gida ɗaya kuna aika wa juna goro kamar masu neman aure."

Dariya ta ƙwace wa Ummuhani, irin wadda rabonta da ita tun kafin sallamar Ya'u. Tana cikin dariyar abin ya juye. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka a tsakar gida, da rana tsaka, ba buta ba ruwa. Nuriyya ta matso ta riƙe ta, tana kiran sunan a hankali, "Samad, Samad," ta kira nata ta kira na uwarsa. Ummuhani ba ta hana ta ba.

Da suka lafa, Nuriyya ta miƙa kwanon. "Zuba mini. Ba na yi alkawarin zan so shi ba."

"Sai an jiƙa shi tukun, 'yar Berberati, kada ki bar haƙoranki a ciki."

Namiji aka haifa. Ranar suna liman ya raɗa masa sunan ubansa, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa, unguwa ta amsa. Mata suka juyo suna kallon Ummuhani, don sun san wannan sunan ma ya fi ƙarfin bakinta. Ta miƙa hannu aka ba ta shi. Jika ba a kunyarsa, abokin wasa ne.

"Kai, Ango," ta ce, "sai yanzu ka ga damar zuwa? Ina kuɗin cefane? Dube shi, ba ko haƙori, wai shi ne mijina."

Aka yi ta shewa. Ta kama tafin ƙafarsa ta aza a tafin hannunta, a gaban kowa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a ba ta zane, ta goya shi, ta zaga tsakar gida da shi har sau biyu.

Nuriyya ta je Berberati bayan arba'in, ta kai jariri wurin iyayenta. Ta bar Sumayya saboda makaranta, ta bar akwatunanta. Kafin watan ya mutu ta dawo da buhun gari da ƙorafin hanya. Muryar Ummuhani kuwa ta riga ta yi nisa. Sumayya ta tura wa gwoggwanninta a Cadi, suka bugo suna cewa ashe su ne aka yi wa ƙaryar tukwane. Ta kuma sa an juye ta a wani ɗan ƙaramin kati, aka naɗe a ƙyalle aka ajiye wa Ango har ya yi hankali. Ummuhani ta ce a gaya masa Hausa ce a ciki, in yana son ji ya koya.

Har yau bakinta bai faɗi sunan ba, kuma ba mai neman ta faɗa. Kullum bayan azahar, in 'yan Nijar sun ci sun watse, takan durƙusa ta kankare tukunya, ta zuba a kwano mai fure, ta rufe, ta ajiye a bakin ƙofar Nuriyya ba tare da ta ce komai ba. Kafin la'asar kwanon zai dawo a wanke. Ba ta buɗewa a tsakar gida. Sai ta shiga ɗaki da shi, ta zauna a bakin gado, ta ɗaga murfin a hankali ta ga abin da aka sako mata yau.